Ciwon da Ba Shi da Miki

Ya ɗan'uwa mai-karatu, kai da ka ke zaune a Bagudo, ko Illo, ko Lolo, ko Tsamiya a bakin iyakar Benin, ka sani idan maciji ya sari maƙwabcinka ba wanda ya ke jiran a kira shi. Kowa ya kan sheƙo da gudu. Amma akwai wani ciwo wanda ba shi da miki, ba shi da kumburi, mai-shi kuwa sau da yawa shi kaɗai a kan bari.

Ka tuna da watan Agusta na 2019, sa'anda gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Mutane da yawa waɗanda abincinsu ya ke bisa hanya, 'yan dako da masu-babur da masu-fito a Kwara, hannunsu ya tsaya. Waɗansu suka koma gona, zuciyarsu ta kwanta. Amma a irin wannan lokaci a kan sami wanda hasara ta kan shige shi har ciki. Barci ya kan ƙaurace masa, tuwo ba ya masa daɗi, ya daina zuwa dandali, ƙaramin abu ya fusata shi har ya yi wa matatasa tsawa, yara su riƙa ɓuya. Haka kuma wata maijego, ta yi ta kuka ba ta san dalili ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan wannan hali ya wuce mako 2 kullum, likitoci suna ce da shi ciwon damuwa, yana kuwa da magani.

Kada ka ce masa bangaskiyarsa ce ta raunana. Wannan magana nauyi ce bisa nauyi, gama mai-zazzaɓi ba a tuhumarsa da rashin tsoron Allah. Ka je ka zauna kusa da shi, ka ce, "Yaya, na ga kwanan nan ba ka da walwala, ina jinka." Sa'an nan ka yi shiru. Yawancinmu mun fi iya wa'azi da sauraro, shi kuwa kunne ya ke bukata. Abinda ya faɗa maka kada ya kai kasuwa. Idan ya ce ya gaji da rai, ka tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Idan ya amsa, ka kawar da maganin feshi da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ran nan.

Wanda hankalinsa ya taɓu sosai, har yana jin muryoyi, shi ne a kan sa wa mari, ko a ɗaure shi a turu. Dangi ba don mugunta su ke yi ba, tsoro ne da gajiya. Duk da haka mari bai taɓa warkar da kowa ba, sai dai ya ci ƙafa. A 1954 Likita Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abekuta, ya sauke masu-ciwon nan a gidajen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwa mai-jinya, da rana su zo asibiti karɓan magani, aka ga amfanin wannan har labarinsa ya kai ƙasashen waje. A ƙetaren iyakarku kuma akwai Gregwar Ahongbonon, mutumin Benin, dā mai-facin taya ne. Shekaru da yawa yana kwance masu-taɓin hankali daga sarƙa yana kai su gidajen jinya, ɗaya yana Jugu, a tsohuwar hanyar fataken goro. A Nijeriya ma, a Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, ta maye gurbin ta 1958, ta ba mai-ciwo hakkinsa na mutum.

Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, su za su tura ku Birnin Kebbi, ko asibitin tarayya na masu-ciwon hankali a Kware, wajen Sakkwato. Maganin ya kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Kada a yar da shi don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Ku yi addu'a tare da shi kafin ku shiga mota, ka riƙe takardar asibiti a aljihunka, ka kuma rubuta ranar komawa.