Darasi: ƙiba da tsohon ciwo

Wanda ya taɓa karaya ko targaɗe yakan bar motsi don tsoron ciwo. Haka tsohon ɗan kokowa da ya koma zama. Sannu-sannu sai teɓa ta fito. Gwiwa da ƙugu su ke ɗaukar wannan nauyi, sai tsohon ciwo ya tashi. Ƙiba kuma tana jawo hawan jini da ciwon sukari.

Mi ya kamata a yi?

1. A fara zuwa gidan likita. A auna nauyi da jini, a gwada ma likita wurin da ya taɓa ciwo.

2. A fara da tafiya ta minti 10 kowace safiya, bisa hanya shimfiɗaɗɗa. A riƙa daɗawa kaɗan-kaɗan har a kai minti 30, kwana 5 cikin sati. Ban da gudu, ban da tsalle.

3. A zauna bisa kujera, a miƙe ƙafa, a ƙidaya 5, a sauke. A yi haka sau 10. Wannan yana ƙarfafa cinya, ita ko tana tallabar gwiwa.

4. A rage sukari cikin shayi da fura. A rage soye-soye. A yawaita zogala da wake. Kada a zauna da yunwa.

In wurin ya kumbura, ko ciwo ya kwana, a huta, a rage tafiya. In bai lafa ba, a koma likita.

Rabin kilo cikin sati ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya: don mi aka hana gudu?