Toye-toyen Kirsimati da Katin Gaisuwa na Hannu

Da watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, sai hankalin matan ekklesiya ya koma kan fulawa da sukari da mai. Yara suna tambaya yaushe za a soya cincin. Maigida yana duban aljihunsa, yana tuna kuɗin makaranta na watan Janairu. A darasin wannan wata za mu duba abu biyu, watau toye-toyen idi da katin gaisuwa wanda mutum ya yi da hannunsa. Wataƙila wani ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne. Gaskiya ne. Amma a kansu ne gidaje da yawa sukan ci bashi, mata sukan ɓata da juna, gwauruwa kuma takan yini ranar idi ba wanda ya leƙa ɗakinta.

Rabon wanda ba shi da kome

Bari mu buɗe Littafin Nehemiya sura 8, mu karanta daga aya 9 zuwa 12. Abin ya faru a Urushalima wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu. An gama ginin garu cikin kwana 52. A rana ta fari ga watan bakwai jama'a suka taru a dandali wajen Ƙofar Ruwa, Ezra ya karanta masu Shari'a tun da safe har tsakar rana. Da suka ji sai suka yi ta kuka. Nehemiya ya hana su, ya sallame su su tafi su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi. Sa'an nan ya ƙara abu guda: su aika da rabo ga waɗanda ba su da abin da aka shirya masu. Haka kuma muka gani a Esta 9:22 game da idin Furim.

Mu lura da wannan sosai. Allah bai ƙi abinci mai daɗi ranar idi ba. Wanda ya ce mai bi na kirki ba ya kula da cin daɗi ya wuce abin da aka rubuta. Amma ci da aikawa tare aka ba da su. Saboda haka kafin a auna fulawa sai a fara ƙirga gidajen da za a kai wa. Yawancinmu mukan juya abin. Mukan soya, mu ci, mu ba baƙi masu daraja, in wani abu ya ragu a gindin bokiti sai mu tuna da matalauci.

Littafi Mai Tsarki bai faɗa mana ranar da aka haifi Ubangijinmu ba, bai kuwa umarce mu da wani abinci ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Roma ya fito, yana maganar shekara ta 336. Toye-toye al'ada ce, al'ada mai kyau. Gidan da bai soya kome ba bana bai yi zunubi ba, kada kuwa a sa matar gidan ta ji kunya.

Cincin da biskit

A ƙasashen Turai an daɗe ana gasa biskit mai kayan ƙamshi a makonnin da ke gaban Kirsimati. Birnin Nuremberg na Jamus ya yi suna da wani iri mai zuma da kirfa da kanumfari. A Amurka mata suna da wata dabara da muke so a koya: kowace ta gasa iri ɗaya da yawa, su haɗu a gida guda su yi musaya, kowa ta koma da iri biyar ko shida bayan ta yi wahalar guda ɗaya kaɗai. Suna da gasar gashi kuma, har a talabijin, da alƙalai da kyauta. Wannan ta biyun ba sai an kawo mana ba, gama muna da tamu. Ba a shelarta, amma kowace mace ta san bokiti nawa maƙwabciyarta ta cika. Daga nan bashi yake shiga.

Mu a nan cincin ne sarkin toye-toyen Kirsimati, ga kuma dubulan da alkaki da nakiya da iyayenmu suka sani. Biskit bai fi su daraja ba don ya zo daga Turai. Amfaninsa ɗaya shi ne ba ya bukatar tukunyar mai, mai kuwa shi ne yake cinye kuɗi. Ga wadda take so ta gwada, awo mai sauƙi ke nan: da gwangwani ɗaya za a auna duka, fulawa gwangwani 5, bota 2, sukari 1, da ɗan gishiri. Mai sikeli ta auna fulawa giram 300, bota 200, sukari 100. A ƙara garin citta ko gyaɗar ƙamshi kaɗan. A fara buga bota da sukari har su yi laushi, kana a zuba fulawa.

Wahala ta fari ita ce murza. Matanmu sun saba da kwaɓin burodi da fanke, wanda ake bugawa sosai. A cikin fulawar alkama akwai wani abu mai danƙo da yake ƙaruwa in an yi ta murza ta da laima. Shi yake sa burodi ya tashi, shi ne kuma yake mai da biskit kamar dutse. Da zarar kwaɓin ya haɗe jikinsa sai a cire hannu. Hunturu ma yana da nasa. Da safe bota takan daskare, sai a ajiye ta a rana kaɗan ta yi taushi, kada dai ta narke ta zama ruwa. Iska tana busar da kwaɓi ya tsattsage, ƙura kuma tana sauka, don haka a rufe shi da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan laima. Amma hunturun nan ne kuma yake sa biskit ya daɗe da ƙarau bai yi sanyi ba.

Babbar wahala ita ce wuta. Mai tandar gas ko ta lantarki sai ta sa zafi wajen digiri 180, minti 12 zuwa 15. Yawancin gidajenmu ba su da ita, kuma ba dole ba ce. A sami babbar tukunyar ƙarfe, a zuba wankakken yashi busasshe kamar kaurin yatsa uku, a ɗora duwatsu uku ƙanana a kai, a rufe, a bar ta bisa garwashi kamar minti 15. Sa'an nan a barbaɗa fulawa kaɗan a faranti a sa ciki. In ta yi baƙi nan da nan, wuta ta yi yawa. In ta yi ja a hankali, ya yi. A jera biskit a farantin bisa duwatsun, kada farantin ya taɓa yashi, a zuba ɗan garwashi a kan murfi domin sama ma ya gasu. A fara da guda biyu ko uku na gwaji. Gara a ƙona uku da a ƙona hamsin. A sauke da gefensa ya fara ja, ko da tsakiya tana da taushi, gama yana ƙara tauri sa'ad da yake hucewa.

Game da cincin ba mu da abin koya wa iyaye mata, sai dai tuni ga amare. Man da bai yi zafi ba cincin shanye shi yake yi. Wanda ya yi zafi ainun yana ƙona baya ya bar ciki ɗanye. Garin fulawa da ya manne a jiki yana sa mai kumfa, sai a kakkaɓe kafin a zuba. In za a sa hodar nan mai kumbura kwaɓi, a gwada ta tukuna cikin ruwan zafi. In ba ta yi kumfa ba ta mutu. Kada a rufe cincin a bokiti da zafinsa.

Abu ɗaya kuwa muna roƙo da ƙarfi. A nisantar da yara daga kaskon mai, kada kuma a soya da goyo a gaba. In mai ya kama wuta kada a zuba ruwa ko kaɗan, gama ruwa yana sa wutar ta yi tsalle ta kama mutum da ɗaki. A rufe kaskon da murfin ƙarfe, a janye itace.

Ku maza, wannan darasi naku ne kuma. Ba daidai ba ne mace ta kwana bakin murhu daren 24, gari ya waye ta kasa zuwa sujada ko ta zo tana gyangyaɗi, alhali mijinta ya yi barcinsa. Mukan yi wa'azi a kan Marta da Maryamu, mu ce Marta ta damu da hidima, amma ba mu tambaya ko wa ya bar mata aikin ita kaɗai. Cincin yana ajiyuwa. A soya shi mako guda kafin idi. Maigida ya faskara itace, samari su yanka kwaɓi. A wuraren da Zumuntar Mata za ta iya, a haɗa kuɗi a sayi buhu ɗaya a raba, a yi suya rana ɗaya a gida ɗaya, a ware kason gwauraye tun kafin kowa ta ɗauki nata.

Katin gaisuwa

Katin Kirsimati na sayarwa na fari a birnin Landan aka buga shi a 1843. Wani mutum mai suna Henry Cole ne ya sa mai zane John Horsley ya zana masa. An buga guda 1,000, ana sayar da kowane sule ɗaya. Shekara uku kafin haka, a 1840, aka fara aika wasiƙa ko ina cikin Birtaniya a kan kwabo ɗaya, wannan ya taimaki al'adar ta yaɗu. A tsakiyar katin an zana iyali suna biki a tebur. A gefe ɗaya ana ciyar da mayunwata, a ɗaya gefen ana tufatar da matalauta. Ashe mai zanen ma ya san biki da rabo tare suke tafiya.

Yau gaisuwa ta koma cikin waya. Mutum yakan tura hoto ɗaya ga mutum ɗari da yatsa guda, wanda ya karɓa ma ya san haka. Ba mu ce laifi ne ba. Amma mu duba yadda Manzo Bulus yake yi. Yakan faɗi wasiƙa wani ya rubuta. Tartiyus ne ya rubuta ta Romawa, ya kuwa ambaci kansa a sura 16 aya 22. Duk da haka a ƙarshen 1 Korantiyawa da Kolosiyawa da 2 Tasalonikawa Bulus ya karɓi alƙalami ya sa gaisuwa da hannunsa. A Romawa 16 kuma ya gai da mutane fiye da ashirin, kowa da sunansa, da yawansu har da abin da ya tuna game da su. Wannan shi ne darasin kati: suna, da hannu, da kalmar da ta dace da mutumin nan shi kaɗai.

Kayan aiki suna cikin gida. Bayan tsohuwar kalanda fari ne, yana da kauri; a yanka kamar tafin hannu biyu, a ninka biyu. Ƙaro da aka jiƙa a ruwa ya kwana ya isa abin liƙi, ko kuwa a dama fulawa kaɗan a wuta. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja, kurkur yana ba da rawaya, shunin wanki yana ba da shuɗi. A raba dankali biyu, babba ya sassaƙa tauraro a fuskarsa da wuƙa, yara su riƙa tsomawa a launi suna bugawa. (Wanda zai sassaƙa harafi ya tuna a juye yake fitowa, tauraro ba shi da wannan matsala.) Guntayen atamfa da tela yake zubarwa, da ɓawon karan dawa da aka tsaga siriri, suna yin ɗan ɗaki da komin dabbobi mai kyau. Kada a gyara wa yaro zanensa. Tunkiyarsa mai ƙafa biyar ta fi faranta wa kakarsa rai.

A ciki a rubuta sunan mai karɓa da girmamawar da ta dace, Baba ko Mama ko Malam. A sa layi biyu game da shekararsa. Ga wadda ta yi rashi, a ambaci sunan mamacin, kada a ji tsoro. Ta fi jin zafin a yi kamar an manta da shi. Ga mai jinya, a ce ana tunawa da shi cikin addu'a, a kuwa tabbata ana yi. Sa'an nan a zaɓi aya ɗaya gajeruwa daga Luka 2 ko Ishaya 9.

Su wa za a kai wa? Ubangiji ya ba da amsa a Luka 14:12-14, inda ya ce a kira waɗanda ba za su iya ramawa ba. Kowane gida ya zauna ya rubuta suna biyar: gwauruwa, maraya, mai kwance a asibiti, iyalin da rikici ya koro daga ƙauyensu suke zaune a cikinmu, da wanda aka yi faɗa da shi cikin shekara ba a shirya ba. Na ƙarshen nan shi ne mai wuya. Maƙwabtanmu Musulmi da suka aiko mana da naman layya, su ma a kai masu da ladabi. Cincin da biskit suna shiga kowane gida ba tambayar wanda ya yanka. A nasu katin gaisuwar maƙwabtaka da fatan alheri ta isa. Tsoho mai ciwon sukari kuwa a kai masa soyayyar gyaɗa ko lemo, gama lokacinsa ne.

A ƙulle toye-toyen a leda mai tsabta, a ɗaura katin a jiki da zare, a kai ranar 23 ko 24, domin mutum ya kwana da sanin an tuna da shi. Babba ya raka yara. Tsofaffinmu da yawa ba su iya karatu ba, waɗansu kuma idonsu ya raunana, saboda haka yaron da ya rubuta katin ya durƙusa ya gaisa, ya karanta shi da ƙarfi, a hankali, kafin ya miƙa.