Haske da Ɗumi a Akwatin Kiwon Kunkuru: Matsalar da Hanyar Magance Ta

Kunkuru na daga cikin dabbobin da jikinsu ba ya samar da isasshen zafin kansa kamar yadda jikin mutum ko na akuya ke yi, saboda haka narkar da abincinsa da girmansa da ƙarfin garkuwar jikinsa duk sun rataya ne ga ɗumin da yake samu daga waje. A daji rana ce ke ɗauke masa wannan nauyi, domin yakan fito da safe ya sha hantsi har jikinsa ya ɗau zafi, ya yi kiwo, sannan ya koma inuwa ko rami idan rana ta take. Matsala tana farawa ne daga ranar da aka shigar da shi ɗaki, inda rufi da bango suka raba shi da rana alhali buƙatarsa tana nan yadda take. Da yake kuma dabba ce marar kuka, yakan shafe watanni yana lalacewa a hankali mai shi bai ankara ba.

Wajibi ne mai kiwo ya fara sanin irin kunkurun da ke hannunsa. Babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, asalinsa daga yankin da ya tashi daga Senegal da Mali ne, ya ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Chadi har zuwa Sudan, kuma shi ne na uku a girma a duniya bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Yana cikin waɗanda aka fi kiwo a gidajen Amurka da Turai, kuma ba ya yin dogon barcin lokacin sanyi irin na ƙananan kunkuran bakin tekun Bahar Rum da na tsakiyar Asiya, don haka sanyin da waɗancan za su jure shi yana iya kwantar da shi. Akwati na ƙanana ne kawai, domin babba yakan haura kilo 50 kuma sai fili ya ishe shi. Ya kamata a kuma sani cewa yawansa ya ragu ƙwarai a daji har an sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda haka bai dace a kamo shi daga jeji ba.

Abin da rana ke bai wa kunkuru iri uku ne, kuma dukkansu a tare suke sauka a kansa: zafi, da hasken da ido ke gani, da wani haske ɓoyayye da ake kira UVB, wanda tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 290 zuwa 315 a hasken ranar da ke isowa ƙasa. Wannan na ukun shi ne aka fi mantawa, kuma rashinsa ya fi yin ɓarna. Idan ya sauka a fatar wuya da ta ƙafafu, yakan sauya wani sinadari da ke cikin fatar, ɗumin jiki ya ƙarasa mayar da shi bitamin D3, sannan hanta da ƙoda su sarrafa shi ya zama abin da ke bai wa hanji ikon tsotsar kalsiyam daga abinci. Kalsiyam kuwa shi ne sinadarin da ke gina ƙashi da ƙoƙon baya. Idan bitamin ɗin ya yi ƙaranci, jiki yakan koma yana zaƙulo kalsiyam daga ƙashin kansa, sai ƙoƙon ya yi laushi, muƙamuƙi ya raunana, ƙafafun baya su kasa ɗaga jiki, ko da kuwa ana barbaɗa garin kalsiyam a abinci kullum.

Daga nan ake gane kuskuren masu ajiye akwati a gefen taga suna zaton sun wadatar da dabbar da rana, domin gilashin taga yana barin haske da zafi su wuce amma yana tare kusan dukkan hasken UVB. Haka nan ƙwan lantarki na gida irin na zamani mai ƙarancin cin wuta yana haskaka ɗaki ne kawai, ba ya ba da UVB, ba ya kuma ba da zafin kirki.

Tushen gyara shi ne a tsara akwatin ta yadda gefe ɗaya zai yi zafi ɗaya gefen ya yi sanyi, domin kunkuru yana daidaita zafin jikinsa ne ta hanyar kai-komo tsakanin wuraren biyu. Ga kunkurun Sahel, ana so wurin shan hantsi, wato daidai ƙarƙashin fitilar zafi, ya kai digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin salshiyos, gefen sanyi ya tsaya tsakanin 24 da 27, da dare kuma kada ƙanana su ga ƙasa da 21 ko makamancin haka. Ga na Bahar Rum, digiri 32 zuwa 35 sun isa a wurin shan hantsi, kuma suna jure dare mai ɗan sanyi fiye da haka. Wannan bambanci ba ya samuwa a ƙaramin wuri, shi ya sa buɗaɗɗen akwatin katako mai tsawon aƙalla santimita 120 ya fi tankin gilashi irin na kifi, wanda ke tara zafi ko'ina ya hana dabbar mafaka.

Fitilar zafi mafi dacewa ita ce halojin mai baza haske, wadda ke ɗumama fili mai faɗin da zai rufe kunkurun gaba ɗaya, saɓanin mai tsuke haske a ɗigo guda, wadda ke gasa ƙololuwar ƙoƙo ta bar ƙafafu da sanyi. Ana rataye ta ne a tsaye daga sama, a maƙala ta da kyau yadda ba za ta faɗo kan busasshiyar ciyawa ta tayar da gobara ba, a kuma shimfiɗa faffaɗan dutse a ƙarƙashinta don ya riƙe ɗumi. Ba a farawa da tambayar wat nawa za a saya, domin ƙwai ɗaya yakan ba da zafi daban a ɗakin Kano da a ɗakin Landan. Abin yi shi ne a kunna, a jira awa ɗaya ko biyu, a auna, sannan a ɗaga fitilar ko a sauke ta har a dace. Shimfiɗar lantarki ta ƙarƙashin akwati da dutsen lantarki kuwa ba su dace ba, saboda kunkuru ya saba samun zafi daga sama, idan ya ji zafi ya yi yawa sai ya tona ƙasa, wanda hakan ke ƙara kusantar da shi ga abin da ke ƙona cikinsa.

Don samar da UVB, doguwar fitilar fulorasan da ake kira T5, mai alamar kashi 10 ko 12 cikin ɗari, ita ce mafi inganci, musamman idan tana da madubin da ke mayar da haske ƙasa. Ana sanya ta kusa da fitilar zafi a gefe guda, ta rufe kamar rabin tsawon akwatin, domin idan kunkuru ya je neman ɗumi ya sami hasken a lokaci ɗaya, idan ya ƙoshi kuma ya sami inuwar da zai fake. Tazarar da aka saba ita ce wajen santimita 40 zuwa 45 daga saman ƙoƙo, amma jadawalin kamfanin da ya ƙera fitilar shi ne abin bi, kuma raga mai ƙananan idanu tana rage hasken sosai. Binciken da masani Gary Ferguson da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya kasa dabbobi masu jan ciki gida huɗu gwargwadon yadda suke shan rana, kuma a kansa aka gina jagorar da gidajen namun daji na Birtaniya suka fitar a 2016. Bisa wannan tsari, adadi tsakanin 3 da 5 a mizanin ƙarfin hasken UV ya dace da wurin shan hantsin kunkuru mai son rana. Fitilar takan ci gaba da haske bayan ƙarfin UVB ɗinta ya ragu, don haka a rubuta ranar da aka sa ta, a canja T5 bayan shekara guda, tsohon samfurin T8 kuma bayan wata shida. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta ta asibiti kuwa haɗari ce babba, domin tana ƙona ido da fata.

Awa 12 na haske da awa 12 na duhu sun yi daidai da tsawon yini a Sahel, kuma agogon lantarki mai kunnawa da kashewa da kansa yana tabbatar da wannan tsari. Da dare ana son duhu sosai, saboda kunkuru yana ganin launuka, jan ƙwai ko shuɗi yana hana shi hutawa. Idan ɗakin yana sanyi, sai a yi amfani da ƙwan tangaran mai fitar da zafi ba tare da haske ba, a ɗaura shi a mazaunin tangaran tunda na roba yana narkewa, a kuma haɗa shi da tamostat, wato na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai iyakar da aka saita.

Fitilu suna busar da iska, kuma bushewa tana da nata lahani. A daji ƙananan kunkuran Sahel suna ƙyanƙyashewa ne a wajen damina, suna kuma shafe yawancin lokacinsu cikin rami mai laima. Wani bincike da aka yi a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana a ƙasar Ostiriya, aka wallafa a 2003, ya nuna cewa waɗanda aka rena a busasshen wuri sun fi fitar da tudu-tudu a ƙoƙon bayansu. Maganin wannan shi ne a tanadi ɗan ɗakin ɓuya mai ƙasa mai danshi amma mai ɗumi, da faranti marar zurfi na ruwa, a kuma riƙa tsoma ƙanana a ruwan ɗumi wanda bai kai haɓarsu ba na minti 15 zuwa 20 sau da yawa a mako.

A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, kamar garuruwa da dama na Najeriya da Nijar, mai kiwo yana da abin da na Turai ke nema da kuɗi, wato rana ta gaske, wadda babu fitilar da ta kai ta. Fitar da kunkuru tsakar gida da hantsi na rabin awa zuwa awa ɗaya a yawancin ranakun mako yana cike gurbi mai yawa, da sharaɗin akwai inuwa da ruwa da mai lura da shi saboda shaho da karnuka, kuma kada a taɓa ajiye shi a rana cikin tankin gilashi ko bahon roba, domin zafi yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sau da yawa kashe fitilar zafi ne daidai. A darare na hunturu kuwa, idan wuta ta ɗauke, gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefen makwancinsa ta wadatar, amma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki guba ne ga dabbar da mutanen gidan baki ɗaya.

Duk wannan tsari ba ya tabbata sai da awo, domin tafin hannu ba ya faɗin digiri. Ana buƙatar ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, a daidai tsayin ƙoƙon kunkurun, a kuma duba su safe da dare da duk lokacin da yanayi ya juya. Halin dabbar ma shaida ne: wanda ya wuni ƙarƙashin fitila bai motsa ba yana jin sanyi, wanda kuma ya maƙale a lungun sanyi ko yake haki da buɗaɗɗen baki zafi ya yi masa yawa. Idan aka ga kumfa ko majina a hanci, ko kumburin ido, ko ƙin abinci na kwanaki, ko laushin ƙoƙo ga wanda ya wuce shekara guda, to a gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi, domin gyaran fitila kaɗai ba ya warkar da cutar da ta riga ta kama. Kunkuru dabba ce da ke iya rayuwa fiye da shekara 50, kuma ƙoƙon da ya karkace a ƙuruciya ba ya miƙewa, saboda haka duk mai niyyar kiwonsa ya tanadi fitilu da ma'auni, ya gwada su na kwana biyu ko uku, kafin ya kawo dabbar gida.