Asiransin bisashe ta salula: abin da makiyayi ya kamata ya sani

Ƴan'uwa makiyaya, darasin wannan karo ya shafi asiransi, wadda a Najeriya ake ce ma inshora. Mutum ya zuba kuɗi kaɗan tun da wuri, in masifa ta abku kamfani ya biya shi diyya. Da daɗewa kamfanoni ba su son asiransin bisashe. Wa zai bi garke har daji ya ƙidaya mushe?

A Kenya aka gwada wata dabara. A shekarar 2010, a yankin Marsabit, cibiyar binciken kiwo ta ILRI ta fara asiransin da ba a duban mushe. Tauraron ɗan Adam ke ɗaukar hoton makiyaya, kwamfuta ta auna yawan ɗanyar ciyawa, ta gwada shi da na shekarun baya. In awon ya sauka ƙasa da iyakar da aka rubuta cikin yarjejeniya, sai a biya duk wanda ya zuba kuɗi a wannan yanki. An yi biyan farko a 2011, lokacin babban fari. A 2012 dabarar ta shiga ƙasar Borana ta Habasha. Daga baya aka gyara ta, kuɗin su zo tun bisashe na tsaye, a sayi dusa da ciyawa, sau da yawa ta salula. Yanzu har akwai yarjejeniyar da ake sakawa cikin kwamfuta tana zartar da kanta: awo ya kai iyaka, kuɗi su fita, ba wanda ya sa hannu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tauraro kore yake gani, ba ya gane ciyawa mai amfani da marar amfani. Filin da tafasa ko tumfafiya suka cinye, a idonsa lafiya lau ne, alhali saniya ba ta samu abin kirki ba. Kuma awon na yanki ne gaba ɗaya. Ruwa na iya sauka gabas ya tsallake ka, shanunka su faɗi, awo bai kai iyaka ba, ko dala ba za a ba ka ba. Ciwon huhu, sata, gobarar daji, duk ba su ciki sai in an rubuta su. Na'ura kuwa ba ta jin roƙo.

Mi doka ta ce? Nijar na cikin ƙasashe 14 masu dokar asiransi guda, ta ƙungiyar CIMA, wadda aka sa ma hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. A 2012 aka ƙara mata sashen asiransin masu ƙaramin ƙarfi, har da irin wadda ake biya bisa awo. Kamfani ba ya sayar da asiransi sai da izinin ministan da ke kula da ita. Komi kyawun na'ura, kamfanin nan mai izini shi ke da alhaki, shi za a kai ƙara, ba kwamfuta ba. Yarjejeniya sai a rubuce, kuma abubuwan da kamfani ya ce ba ya biya dole a rubuta su ɓaro-ɓaro, in ba haka ba ba su hau kanka ba.

Ku lura da abu biyu. Asiransi ba ta fara aiki sai ka biya kuɗinta. Alkawarin baki ba ya tsare ko akuya. In rigima ta taso, shekara 2 ke gare ka ka kai ƙara, bayan nan magana ta mutu.

Saboda haka duk wanda ya zo rugga ko kasuwar bisashe da irin wannan haja, ku tambaye shi sunan kamfani da takardar izini. Ya faɗi yankin da ake aunawa, watannin da ake aunawa, da iyakar da za a fara biya. Mai tafiya kiwon rani ya ƙara kunne nan: yankin da aka rubuta ake dubawa, ba inda garke ya koma ba. Lambar salular da za a aiko kuɗin ta zama da sunanka, ba na ɗan maƙwabci ba, kuma kada ka goge saƙon shaidar biya. In ta hanyar ƙungiyarku ta makiyaya za ku shiga, a karanta takardar gaban jama'a, a fassara ta da Hausa, Fulatanci ko Buzanci, a kira ma'aikacin kiwo na gari ya zauna, kafin kowa ya kwance lalitarsa.