Layin da ke tuntuɓe a bakin injin yanka

Tambayar wannan makon daga wani matashi ce a Kano: "Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mai walda ne, na koyi AutoCAD don in riƙa zana adon ƙyauren get ina kai wa masu injin yanka na filasma. Wani maigida ya ce in sa masa dagi a tsakiyar ƙyaurensa. Na samo hoto, na sa CorelDRAW ta bi sawunsa, na shigar da shi AutoCAD. A allon kwamfuta sumul yake, amma da aka yanka sai gefen ƙarfen ya fito kamar wanda ɓera ya gaigaya, injin kuma yana tafiya yana turjewa. Na ƙara ɗigo don in daidaita wurin, abin ya ƙara dagulewa. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙarin ɗigon nan da ka yi shi ne garin neman gira a rasa ido. Ciwon layinka tun farko yawan ɗigo ne, kai kuma ka ƙara masa.

Danna layin nan a AutoCAD ka ƙirga ɗigon da suka bayyana. Manhajar da ke bin sawun hoto ba ta san dagi ba, ba ta san baka ba. Iyakar baƙi da fari kawai take gani, kuma duk wata 'yar karkata da ke cikin hoton sai ta dasa mata ɗigo. Lanƙwasar da ɗigo biyar za su riƙe, sai ka tarar an ɗora mata tamanin. Kowane ɗigo kuwa wuri ne da layi zai iya karkacewa kaɗan. Idonka ba zai kama wannan a allo ba, amma yatsa zai ji shi a gefen ƙarfe, fenti mai ƙyalli kuma zai tona shi da rana ta haska.

Kafin kwamfuta, masu ƙera jiragen ruwa a Turai kan fitar da lanƙwasar jikin jirgi da siririn katako mai laushi. Su shimfiɗa shi, su danne shi da 'yan nauyin darma a wurare kaɗan, katakon ya lanƙwashe da kansa tsakanin nauyi da nauyi. Sunan wannan katakon ne umarnin SPLINE ya gada. Kyan layin daga katakon yake fitowa, nauyin jagora ne kawai. In ka jera nauyi hamsin a kansa, ka ƙwace wa katakon aikinsa, sai ya bi duk rawar da hannunka ya yi. Wani muhimmin ɓangare na lissafin da ya mayar da wannan dabara cikin kwamfuta a masana'antar motocin Faransa aka haife shi: Paul de Casteljau a kamfanin Citroën a 1959, sai Pierre Bézier a Renault cikin shekarun 1960. Damuwarsu jikin mota ce, inda ɗan tudun da bai kai kaurin takarda ba yake karya hasken fenti. Har gobe masu zana jikin mota sukan riƙe doguwar lanƙwasa da ɗigo shida kacal.

Ɗigon nan iri biyu ne, kuma yawancin masu koyo iri ɗaya suka sani. Akwai ɗigon bi, waɗanda layi ke ratsawa ta kansu. Akwai ɗigon ja, waɗanda ke tsaye a gefe suna jan layin wajensu kamar maganaɗisu, ba tare da ya taɓa su ba sai na farko da na ƙarshe. Ɗigon bi sun fi daɗin farawa, shi ya sa kowa ke rugawa gare su, amma in ka matsar da ɗaya, manhaja sai ta sake lissafa layin gaba ɗaya, wani wurin da ka riga ka gyara ya motsa. Ɗigon ja na layi mai daraja ta uku, wadda ita ce AutoCAD ke ba ka in ba ka canza ba, ba ya taɓa fiye da gaɓa huɗu da ke kusa da shi. Ni dai da ɗigon ja nake gyara. In ka danna layin za ka ga ɗan alwatika a jikinsa, ta nan ake sauya shi daga wannan iri zuwa wancan, umarnin CVSHOW ma yana fito da su.

Shawarata ta gaskiya: kada ka ɓata darenka kana lallashin layin da aka bi sawu. Kulle shi a shimfiɗa ta daban, ka dusashe launinsa, ka sake zana sabo a kansa da hannunka. Fara da ɗigon ja huɗu a kowace lanƙwasa, ka yi ta jan su har sabon layin ya kwanta kan tsohon. Sai in ka tabbatar huɗu sun gaza za ka ƙara na biyar. Ka kuma lura da tazararsu: su yi kusa da juna inda lanƙwasa ta tsananta, su buɗe a hankali inda ta sassauta, kuma igiyar da ke haɗa su kada ta yi zikzak. In igiyar ta yi zikzak, layin ma yana yi, ko ba ka gani ba. In aiki ya matsa maka, akwai CVREBUILD a AutoCAD, ko Rebuild a manhajar Rhino, wanda za ka gaya wa yawan ɗigon da kake so ya sake gina layin. Rhino har yana nuna maka iyakar nisan da sabon ya yi da tsohon. A ƙyauren get, kaucewar rabin milimita daga hoton da ka kwaikwaya ba mai gane ta. Tudu ɗaya a gefen baka kuwa, ɗan makaranta mai wucewa zai gan shi.

Ta yaya za ka san layi ya gyaru? Rhino, Fusion 360 da SolidWorks suna da abin da nake kira matajin lanƙwasa: haƙora ne ke tsirowa a jikin layin, dogaye inda ya lanƙwashe sosai, gajeru inda ya kusa miƙewa. Layi mai lafiya, bakin matajinsa yana hawa yana sauka a natse. Mai ciwo, haƙoransa suna tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda AutoCAD kaɗai gare shi sai ya ari dabarar kafinta, wanda ke ɗaga katako ya runtse ido ɗaya ya hango tsawonsa. Mayar da layin BLOCK, ka saka kwafinsa ka matse tsawonsa zuwa kashi ɗaya cikin goma, ka bar faɗinsa yadda yake. Duk tudun da ya ɓuya zai miƙe tsaye.

Dagi kuma yana da nasa sauƙin da ba ka ci moriyarsa ba. Ɓangarorinsa kamannin juna ne, don haka rubu'i ɗaya za ka zana, MIRROR ya ƙarasa sauran. Abin kiyayewa shi ne mahaɗa. Inda layi ke barin ƙarshensa, yana fuskantar ɗigon ja na kusa da na ƙarshe ne. Saboda haka ɗigo biyun ƙarshe su tsaya a kan layi ɗaya da ya gitta layin madubi daidai wa daida, in ba haka ba za ka sami ƙusurwa a tsakiyar baka. Kuma ka duba da kyau, da yawa daga jikin dagi miƙaƙƙun layuka ne da gutsattsarin da'ira. Inda LINE, ARC da FILLET za su yi aikin, kada ka kira SPLINE. Layin tsakiya za ka fara gyarawa, sannan OFFSET ya ba shi kauri, domin OFFSET yana ninka aibin da ya tarar, kuma in kaurin ya fi ƙarfin lanƙwasar ta ciki, sai layin ya naɗe kansa.

Saura turjewar injin. Yawancin injinan yanka abu biyu suka fi ganewa: tafiya miƙe, wato G01, da tafiya a baka, wato G02 da G03. Lanƙwasasshen layinka sai an fassara masa shi, kuma in aka bar fassarar ga sa'a, sai a daddatsa shi zuwa ɗaruruwan gajerun layuka. Haka ke faruwa in ka adana fayil a tsohon tsarin DXF na R12, wanda bai san SPLINE ba sam, don sai a R13 aka shigo da shi. Injin na rage gudu a kowace 'yar kwana, wutar filasma kuma in ta daɗe a wuri ɗaya sai ta ci ƙarfe fiye da ƙima, ta bar kashi a ƙasa. Ka yi fassarar da kanka. Rubuta PLINECONVERTMODE ka sa shi 1, don a yi amfani da baka maimakon miƙaƙƙun layuka, sannan cikin SPLINEDIT ka zaɓi mayar da layin polilayin. Zai tambaye ka lamba tsakanin 0 da 99. Kada zuciya ta ja ka zuwa 99, fara da ƙasa-ƙasa ka zuƙo ka kwatanta. Ka ajiye kwafin asalin layin tukuna, don wannan hanya ba ta da kyakkyawar dawowa.

Kafin ka kai fayil, ka bi shi da OVERKILL don share layukan da suka hau kan juna, da JOIN don rufe mahaɗai. Sannan ka roƙi mai injin ya gwada maka kunne ɗaya na dagin a guntun ƙarfe mai kauri ɗaya da na aikin. In ya huce, ka shafa gefen da yatsa kafin ku ɗora cikakken faranti.