DARASIN ƘUNGIYOYI: UWAR ZUMUNTA, YAYA ZA KI SAUKA?

Karatu: 1 Sama'ila 12:1-5, 2 Korantiyawa 8:16-21, Littafin Ƙidaya 27:15-23.

 Darasinmu na wannan wata a kan Zumuntar Mata ne. Amma maza kada ku ce ba ruwanku, gama abin da ya shafi Uwar Zumunta ya shafi shugaban ƙungiyar manoma da ma'ajinsa.

A wani ƙauye da nake zagayawa, matan zumunta sun noma gonar gero, suka cika rumbu. Da damina ta yi tsakiya abinci ya ƙare a gidaje, sai Uwar Zumunta ta yi ta ba da rance. Mace ce mai tsoron Allah, ba ta ci ko ƙwaya ɗaya ba. Amma dukan lissafin a kanta yake, ba a takarda ba. Da lokacinta ya cika aka zaɓi wata, sai gardama ta tashi. Wannan ta ce tiya 5 ta karɓa, waccan ta ce ai ta biya tun kaka. Aka fara gunaguni a bakin rijiya. Shekarar da ta biyo, ba wadda ta fita noman gonar. Gwauraye ne suka sha wahalar.

Ba sata ce ta rushe wannan aiki ba. Rashin shirin sauka ne.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana?

Da Sama'ila ya tsufa, ya tsaya gaban dukan Isra'ila ya nemi duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, ko ya zalunta, ya fito ya faɗa. Bai jira a tuhume shi ba, shi ya kira jama'a. Bulus kuma, da ake tara gudunmawa domin masu bi na Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai yi rakiya, don kada a sami abin zargi. Musa kuwa ya ɗibiya wa Joshuwa hannu a gaban Ele'azara firist da taron jama'a tun yana da rai, domin kowa ya san wanda zai bi.

A ƙasarmu ma mun ga misali. Masu aikin mishan na SIM sun iso a 1893. Aka kafa ECWA a 1954, a 1976 kuma mishan ta danƙa ragamar aikin a hannun ikilisiya. Aikin bai mutu ba don masu shi na fari sun sake shi.

Abubuwa biyar da za ki yi, Mama

1. Ki zaɓi lokaci. A shirya miƙa aiki bayan kaka, cikin Nuwamba ko Disamba, sa'ad da hatsi ya shiga gida, masu bashi kuma suna da abin biya. Kada a yi cikin Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowa yana gona.

2. A rubuta kome. Kuɗin baiko, kuɗin adashi, da sunan kowace mai rance da abin da ta karɓa. In ba ki iya rubutu ba, wannan ba abin kunya ba ne. Ki zauna da magatakarda ko wata 'yar makaranta, ki faɗa ta rubuta, a karanta wa mai bashin ta amince.

3. A ƙidaya a gaban shaidu. A buɗe rumbu a ƙirga damuna, a auna abin da aka sussuka da tiya guda ɗaya, wadda aka ba da rance da ita. Fasto ko mai bishara, da dattijo ɗaya, da mata biyu su kasance. In gara ko ɓera sun yi ɓarna, a faɗa a fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

4. Ki miƙa dukan kaya rana ɗaya: mabuɗi, littafin kuɗi, tukwane, tabarmi, kayan kiɗa. Kada tukunyar zumunta ta kwana a ɗakinki ko da dare ɗaya bayan haka.

5. Ki koma cikin 'yan'uwa ki zauna. Wannan ya fi sauran wuya. Mata za su zo miki da ƙara kamar dā. Ki ce musu, "Mu je wurin Uwar Zumunta." In sabuwar ta yi kuskure, ki same ta a gida, ba a taro ba. Sarki goma, zamani goma.

Manomi mai hankali yakan ware iri tun ranar girbi, ba ranar shuka ba. Haka nan, tun shekararki ta fari ki jawo wata kusa. Ki bar ta ta bi da addu'a, ta raka ki gaisuwar marasa lafiya, ta ga yadda ake lissafi.

Ku kuma sauran mata, kada ku bar ta ta sauka shiru. Shekarun nan ba albashi ta yi su. Ku gode mata a gaban ikilisiya, ku yi mata addu'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. In shugabarmu ta yi tafiya gobe, wa ya san abin da ke cikin rumbunmu?
2. Wane bashi ne ba a rubuta ba har yanzu?
3. Wa muke koya wa aikin?

Aikin wannan mako: a sayi littafin rubutu guda, a fara.

Ubangiji ya ba mu ikon gamawa da kyau. Amin.