Shaidar Tsohuwar Teku a Ƙasar Hausa

Wanda ya haƙa rijiya a Gyaɗi-Gyaɗi ko a Tarauni, jar ƙasa da marmara zai fara tararwa, sa'an nan ruɓaɓɓen dutse, daga nan sai fa mai tauri. Dutsen nan na ƙarƙashin Kano ya haura shekara miliyan 500, kuma ba a samun ɓawon dabbar ruwa a cikinsa. Amma a ƙasar Sakkwato abin ba haka yake ba.

A Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, akwai dutsen farar ƙasa shimfiɗe. Idan aka niƙa ɗan guntunsa, aka wanke, aka duba da madubin likita, sai a ga ɓawon waɗansu 'yan halittu, yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba. Masana suna kiransu foraminifera. A ruwan gishiri suke zama. In sun mutu sai ɓawonsu ya nutse, ya taru bisa na magabatansu, har ya daskare ya zama dutse.

To, kowane iri yana da ruwan da ya fi so. Waɗansu sai mai zurfi, waɗansu kuwa sai gaɓa mai ɗumi. Irin na Kalambaina na ruwa ne mai ɗumi marar zurfi. Da haka aka gane cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya biyo ta Mali da Nijar ya rufe ƙasar Sakkwato, daga baya ya janye. Tun kafin wannan ma tekun ta taɓa shigowa, gama an tono ƙasusuwan manyan dabbobin teku a wajen Goronyo.

Sanin wannan yana da amfani ga masu mulki. Dutsen da tekun ta bari shi ne ake gasawa a masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967. A Kano kuwa, ruwan rijiya yakan tsaya ne cikin ruɓaɓɓen dutsen nan da cikin tsagar fa, saboda haka wata rijiya takan yi albarka, ta kusa da ita ta ƙafe.

Don haka ana roƙon hakimai su umurci masu haƙar rijiya kada su zubar da farin dutse, ko mai alamar katantanwa, in sun tono shi. Malaman hakimai su rubuta sunan garin, da zurfin da aka same shi, su aika da guntun zuwa ga ma'aikatan binciken ma'adinai. Guntun da ba a rubuta inda ya fito ba, shaidarsa ta ɓata.